Igiya, Ƙuri'a da Kwamfuta

A ƙauyenmu, tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, babu dajin da mutum zai sare ya ce ya yi sabuwar gona. Tun kafin a haifi kakana aka gama sarewa. Gona tana jingine da gona, layin gamba ko na aguwa ne kawai ya raba su, kuma kowace damina sai an nome ta. Takin dabbobi da sharar gida su ne suke riƙe da ƙarfinta. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa Wilson, sun wallafa bincike a 1965 a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a da ya kewaye birnin Kano, inda har jakuna ke ɗauko shara daga birni su kai gona. A irin wannan ƙasa, ranar da magidanci ya rasu, bayan an share makoki, magana ɗaya ce take jiran 'ya'yansa: yaya za a raba abin da ba zai ƙaru ba?

Kakana ya rasu a 1974, shekara guda bayan babban farin nan na 1973. Ya bar 'ya'ya maza uku da mata biyu, wato kashi takwas ke nan, biyu-biyu ga maza, ɗaya-ɗaya ga mata. Ban ga rabon ba, domin ba a haife ni ba, amma na ji labarinsa daga bakin ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa Ƙarami, har na haddace shi. Limamin garinmu ya zo da igiya da dattawa biyu, aka auna, aka yi wa kowace bishiya kuɗi. Gwaggonnina biyu suka ce su a ba su ɓangaren da ɗorawa take, saboda kalwa, ba wanda ya ja da su. Saura kaso uku na maza: gonar bakin gida wadda ta sha taki, da wani yanki na fadama, da wata faffaɗar gona a jigawa mai nisa, wadda aka ƙara mata faɗi domin ta kamo sauran a daraja. Liman ya kira su ɗaya bayan ɗaya cikin zaure, ya tambayi kowa a asirce wadda yake so. Sharaɗinsa shi ne, duk wanda ya nemi gona shi kaɗai tasa ce. Idan biyu suka yi karo a yi ƙuri'a, wanda ya faɗi ya ɗauki abin da ya rage.

Baffa Ƙarami fadama yake so, kamar yadda duk wanda ya ga gero ya ƙone a tsaye bara zai so wurin da ruwa yake kusa. Sai dai ya yi lissafi a zuci cewa yayyensa duka biyu ita za su nema, in ya shiga cikinsu ya faɗi, jigawa ce makomarsa. Saboda haka da Liman ya tambaye shi, sai ya ce bakin gida. Ashe babban wansu ma bakin gida ya ce, domin shi zai riƙe gidan. Mahaifina shi kaɗai ya ambaci fadama, ya same ta ba tare da ƙuri'a ba. Aka kira wani yaro ya zaro kara, Baffa ya faɗi, ya tafi jigawar da yake gudu.

Wannan tsari da Liman ya bi ba shi ya ƙago shi ba. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu suke tushen shari'a a ƙasar Kano, sun kasa rabon dukiyar tarayya gida uku. Akwai na karɓa-karɓa, inda ake raba amfani ba asalin dukiya ba, wannan ya mora bana wancan baɗi. Akwai na yarjejeniya, inda kowa ya ɗauki abin da ya yarda da shi. Akwai kuma na ƙuri'a, wanda aka fi tsaurara wa sharuɗɗa. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ilimi suke karantawa a zaurukanmu har gobe, ta hana yin ƙuri'a sai a kan abubuwa masu jinsi ɗaya, kuma idan rabon zai kai ga wani ya yi wa wani cikon kuɗi, to sai da yardar juna. Hikimar a fili take: sai an daidaita kason kowa kafin a jefa ƙuri'a, in ba haka ba ta zama caca. Abin da igiya da ƙiyasin kuɗi ba sa iya aunawa shi ne son zuciya. Kaso biyu za su iya zama daidai a idon mai auno, amma ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba a wurin wanda zai noma. Zuciyar mutum birninsa, in ji Hausawa, kuma mai rabo ba ya shiga birnin nan sai ta ƙofar da mai shi ya buɗe masa.

Lissafin gado tsohon abokin ilimin lissafi ne. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajejen shekara ta 820, a zamanin Halifa Ma'amun, kuma wani babban ɓangare na littafin a kan matsalolin gado da wasiyya yake. Daga sunansa, bayan ya bi ta bakin Turawa, aka sami kalmar algoridim, wato jerin matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya a warware matsala, irin waɗanda ake rubuta wa kwamfuta a yau. Nakan yi murmushi idan na tuna cewa kalmar da muke koya wa ɗalibai a matsayin baƙuwa, mai ita ya yi gumi ne a kan irin tambayar da aka kawo wa limamin ƙauyenmu.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, cikin 'yan shekaru aka fito da malaman taki, masu auna gonaki da takun ƙafa domin yanka haraji. Daga nan gona ta shiga littafin hukuma, rabo kuma ya fara ƙaura daga zaure zuwa ofis. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokoki biyu da suka shafi gidanmu kai tsaye, ko da yake babu wanda ya haɗa su a lokacin. Ɗaya ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Ɗayar ita ce ta kafa hukumar JAMB. Kafin nan kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta da kanta, sai ka ga yaro ɗaya ya sami gurbi a wurare biyu ko uku, wani kuma bai sami ko ɗaya ba. JAMB ta tara neman wuri guda, ta ce kowa ya rubuta zaɓinsa na farko da na biyu. A yankin da gona ta ƙanƙance har ba ta ciyar da gida, gurbin karatu ya zama sabuwar fadama. Kuma duk wanda ya taɓa cike takardar nan ya san shawarar da ake ba yara: kada ka sa jami'ar da kake so, sa wadda za ka samu, domin manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu. Lissafin Baffa Ƙarami ke nan, ya sauya riga kawai.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. A Amurka, cikin shekarun 1940, asibitoci sun yi ta rige-rigen kama sababbin likitoci har ta kai ana yi wa ɗalibi tayin aiki kusan shekara biyu kafin ya gama karatu. A 1952 suka koma ga tsari guda: ɗalibai su jera asibitocin da suke so, asibitoci su jera ɗaliban da suke so, a haɗa a wuri ɗaya. A 1955 Harold Kuhn ya fito da hanyar raba ayyuka ga mutane yadda jimillar gamsuwa za ta kai matuƙa, ya kuma raɗa mata sunan ƙasar Hangare saboda ya gina ta a kan aikin masana biyu 'yan can. Amfaninta yana bayyana idan aka lura cewa ɗalibai 10 da batutuwa 10 kawai ana iya haɗa su ta hanyoyi 3,628,800. Ba mai iya gwada su duka da alƙalami.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta David Gale da Lloyd Shapley, ta 1962, wadda suka kwatanta da neman aure. Kowane saurayi ya je wurin wadda ya fi so. Budurwar da samari suka taru a wurinta ta riƙe wanda ya fi kwanta mata, ba tare da ta yanke magana ba, ta sallami saura. Waɗanda aka sallama su je wurin ta biyu a zuciyarsu, ita ma ta gwada sabon zuwa da wanda take riƙe da shi, ta zaɓa. Haka za a yi ta yi har kowa ya zauna. Sirrin yana cikin jinkirin yanke magana: wanda ya nemi babbar buƙatarsa ya rasa, bai yi asarar matsayinsa a ta biyu ba. Daga baya masana suka tabbatar da cewa a wannan tsari, ɓangaren da yake nema ba ya cin ribar ɓoye abin da yake so. Alvin Roth ya nuna a 1984 cewa abin da likitocin Amurka suke yi tun 1952 wannan hanyar ce a ainihi, sannan birnin New York a 2003 da na Boston a 2005 suka karɓe ta wajen raba yara makarantu. Tsohon tsarin Boston irin na limaminmu ne sak, kuma iyaye sun daɗe da koyon yi masa dabara. A 2012 aka ba Roth da Shapley kyautar Nobel ta tattalin arziki.

Ni duk wannan ban san shi ba ranar da shugaban sashenmu, a wata kwaleji da na fara koyarwa bayan hidimar ƙasa, ya kira ni ofishinsa. Kowace shekara rabon batutuwan kundin kammala karatu sai ya jawo gunaguni: wane ya sami malami mai sauƙi don garinsu ɗaya, wance an tura ta wurin wanda ba ya duba aiki. Ya ce, "Malam, tunda kai ne ɗan kwamfuta, rubuta mana abin da zai raba, kowa ya huta." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ɗalibai 58 ne, malamai 12. Na sa kowa ya jera batutuwa biyar, na ba zaɓin farko maki ɗaya, na biyar maki biyar, na rubuta manhaja bisa hanyar Kuhn ta nemo rabon da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Cikin ƙiftawar ido ta gama, ɗalibai 40 suka sami zaɓinsu na farko. Na yi ta jin kaina.

Shekara ta biyu na ga abin da ban yi tsammani ba. Takardu da yawa sun zo da siga ɗaya: batun da ɗalibi yake so a sama, sannan huɗun da ke ƙasa duk batutuwan da aka san rububinsu ake yi. Wasu masu wayo sun gane cewa idan suka cike gurabensu na baya da abin da ba zai samu ba, manhajar za ta ga ya fi mata arha ta ba su na farkon. Masu gaskiya, waɗanda suka rubuta batutuwan da ba kowa ke so ba a na huɗu da na biyar, su aka tura can. Cikinsu har da wata ɗaliba, matar aure daga wajen Kunci, wadda ta so yin bincike a kan ajiyar bayanan masu sayen taki a garinsu, ta ƙare da batun da sai ta riƙa zuwa birni kowane mako. Ta zo ta tsaya a ƙofar ofis ta ce, "Malam, ni dai abin da ke raina na rubuta." Ban sami abin ce mata ba. Manhajar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ni ne na shimfiɗa sharaɗin da yake hukunta mai faɗin gaskiya.

A lokacin ne na shiga karatun tarihin da na kawo a sama, har na tarar cewa wasu masana uku, Abraham da Irving da Manlove, sun wallafa aiki a 2007 a kan ainihin wannan matsala ta ɗalibai da batutuwa da malamai, inda kowane malami yake da iyakar ɗaliban da zai iya dubawa. A shekara ta uku na sauya tsari. Aka tara ɗalibai a aji, aka karanta musu sharaɗi tun kafin a raba takardu, kowa ya zaro lamba daga cikin kwali a gaban kowa. Manhajar tana bin lambobin ne, ta ba kowa mafi soyuwar abin da ya rage a jerinsa, muddin malamin bai cika ba. Masu samun zaɓin farko suka ragu zuwa 34, kuma na ƙarshen layi sun sha wuya, wannan ba zan ɓoye shi ba. Wani abokin aikina har yau yana ganin na sayar da gamsuwar mutum shida don in sayi kwanciyar hankalina. Abin da na iya tsayawa a gaban aji na faɗa da gaba gaɗi shi ne: rubuta abin da kake so, ƙarya ba za ta ƙara maka komai ba.

Da na je gida hutun ƙaramar salla, na sami Baffa Ƙarami a gindin tsamiyar ƙofar gida yana gyaran mangala. Na ba shi labarin duka, har da na samari da 'yan mata, ya yi dariya. Sannan ya yi shiru, ya ce, "Wato ɗana, da Liman ya fara jefa ƙuri'ar kafin ya tambaye mu, da fadama zan ce." Na ce, "Haka ne, Baffa, amma da wataƙila Baba ne zai riga ka zaɓa." Ya ce ai wannan daban, wannan rabo ne.

Tun rasuwar mahaifina, kowace shekara idan an kawar da amfanin damina mukan ba shi aron kwari huɗu a gefen fadamar, ya sa albasa. Bana ya ce gwiwa ta hana shi, a ba ƙaramin ɗansa.