Garmaho, Rediyo da Kaset a Ƙasar Gusau: Abin da Suka Adana Mana na Waƙa da Harshe

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama da dattawan Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ko na garuruwan da ke kewaye da su kamar Wonaka da Rawayya da Kwatarkwashi, ya san in hira ta biyo ta kan kiɗa da waƙa da wuya a tashi wani bai yabi zamanin kaset ba. Mai ilmi yakan ɗauki wannan yabo a kan begen ƙuruciya, ya wuce. Lalle akwai begen ƙuruciya a ciki, amma akwai kuma wata gaskiya ta tarihi wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Kowace na'ura da ta shigo ƙasar nan don ɗaukar murya tana da iyakar abin da take iya ɗauka, tana kuma da wanda ke da ikon sarrafa ta. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka yanke mana abin da muka gada na waƙoƙin baka da wanda muka rasa. Nufin wannan takarda shi ne ta bi waɗannan na'urori ɗaya bayan ɗaya, ta nuna dalilin da ya sa kaset ya fi sauran daraja wurin mai nazarin Hausa, kāna ta faɗi abin da ya wajaba a yi tun kasa-kasan ba su ƙare ba.

2. Waƙa kafin na'ura

Ƙasar Zamfara da maƙwabtanta gidan makaɗa ce. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, mutumin Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Ibrahim Narambaɗa ya fito daga Tubali ya zauna Isa. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ne, Sa'idu Faru kuwa sunan garinsu yake amsawa, haka nan Kassu Zurmi. Abin lura game da sana'arsu shi ne waƙa ba ta da siffa guda tabbatacciya. Gindin waƙa ne kaɗai ke zaune. Ɗiyanta kuwa jagora yana ƙarawa yana ragewa gwargwadon wurin da ake, da mutanen da suka hallara, da abin da ya faru a fada tun rerawar da ta wuce. Zambon da aka yi wa wani ɗan sarki bana, baɗi in an shirya sai a sauke shi. Saboda haka abin da muke kira waƙar wane a yau, a haƙiƙa rerawa ɗaya ce daga cikin rerawa masu yawa, wadda ta yi dace da akwai na'ura a wurin.

3. Garmaho

A shekarar 1877 Edison ya ƙago na'urar ɗaukar magana a Amurka, bayan shekara goma Berliner ya fito da garmaho mai aiki da faifai. Wajen ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a London, har da Hausa a cikin harsunan. A daidai wannan lokaci ne, watau 1929, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ta dire Ƙauran Namoda. Jirgin da ke kwasar auduga da gyaɗa shi ke sauke kayan kantunan Turawa, ta nan kuwa irin waɗannan kayan zamani suka sami hanya.

Garmaho kayan masu hali ne: sarakuna, da manyan ma'aikatan En'e, da attajirai. Da hannu ake wana shi, allurarsa ta ƙarfe tana dakushewa sai an yi ta sauyawa, faifan kuwa in ya faɗi ya fashe ke nan. Babban aibinsa ga waƙar Hausa shi ne ƙarancin lokaci. Faifai mai juyi 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe. Makaɗin da ya saba kwashe rabin sa'a yana jero ɗiya a ƙofar fada, tilas ya zaɓi biyu ko uku ya tsaya. Faifai mai dogon zango ya fito a 1948, daga baya kamfanoni irin su EMI suka buga waƙoƙin Hausa a kansa, amma duk da haka kamfani ne ke zaɓen wanda za a ɗauka, kuma wanda zai sayu yake zaɓa. Mai garmaho saurare kawai yake yi, ba shi da ikon ɗaukar ko da tarin ɗansa.

4. Rediyo

An kafa akwatunan rediyo masu waya a Kano a 1944, amma waya ba ta fita manyan birane. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa da ke Kaduna ya buɗe a 1962, ƙaramar rediyo mai batir kuwa ita ta kai waɗannan muryoyi ƙauye. Ma'aikatan rediyo suna ɗaukar makaɗa a kan tef mai manyan faya-fayai biyu, wanda ya fi faifan garmaho ɗaukar lokaci nesa ba kusa ba. Bashin da ke kanmu na waɗannan ma'aikata babba ne. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, tun kaset bai iso ƙasar nan ba, don haka duk abin da muke ji na muryarsa ta na'urorin da suka riga kaset ya biyo.

Amma rediyo ma tana da nata shinge. Shiri yana da lokaci ƙayyadadde, sai a datse waƙa ta yi daidai da shi. Gidan na hukuma ne, abin da zai ɓata wa manya rai ba ya fita. Tef kuma yana da tsada, akan shafe wani don a ɗauki wani a kansa. Mai saurare a Wonaka in waƙa ta wuce shi ta wuce, sai ran da aka ga damar maimaitawa.

5. Kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya nuna kaset a Barlin a 1963. Zarensa siriri ne, faɗinsa bai kai milimita 4 ba, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. Ya ɗauki kamar shekara goma kafin ya zama kayan kowa a Arewa. Kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji da ya shiga hannun ma'aikata a 1975, da alhazai masu dawowa da tsaraba daga Makka, su suka cika gidaje da rikoda.

Abu uku suka raba kaset da magabatansa. Na farko tsawo: kaset mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 a gefe guda, watau ninki goma na tsohon faifai, mai lamba 90 kuwa minti 45. A nan ne waƙar fada ta sami wurin miƙe ƙafa, aka ji ta da kirarin sanƙira da guɗa da hayaniyar taro. Na biyu arha da sauƙin kwafi: mai rikoda mai baki biyu a kasuwa yana iya juye kaset ɗaya sau ɗari, ba sai da iznin wani kamfani a Ikko ba. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne maɓallin ɗauka. A karo na farko talaka ya sami ikon kama murya da kansa.

Wannan iko ya buɗe ƙofa ga waɗanda kamfani da rediyo ba su waiwaya ba: makaɗan noma, da na dambe, da na tauri, da na farauta, da mata masu waƙar daka da ta biki a cikin gida. Ɗanƙwairo, wanda ya rayu har 1991, ya ci moriyar zamanin nan sosai. Waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe Aliyu ta shiga motocin haya da rumfunan mai shayi har ta kai inda ba a san hanyar Tsafe ba. Haka Muhammadu Bawa Ɗan'anace da waƙoƙinsa na 'yan dambe. Malamai ma ba a bar su baya ba. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da ake sawa a rediyon Kaduna ya yaɗu a kaset, bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 kuwa kowane ɓangare ya riƙa amsa wa ɗan'uwansa ta wannan hanya. Wanda bai iya rubutu ba yakan yi sallahu a kaset ya ba matafiyi ya kai wa ɗan'uwa a Kurmi ko a Makka. Ashe ke nan begen da dattawa ke yi yana da tushe: a zamanin kaset ne mai saurare ya zama mai ajiya, ya san wanda ya ba shi, da wurin da aka ɗauka, da ranar.

6. Amfanin kaset ga mai nazarin harshe

Rubutun boko da muke amfani da shi ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Waɗannan biyu kuwa su ne ƙashin bayan ma'aunin waƙar Hausa, domin nauyin gaɓa ne ke hawa kan kiɗa. Waƙar da aka rubuta a takarda ba tare da murya ba ta zubar da rabin shaidarta.

Sa'an nan ga batun karin harshe. Gusau da Tsafe suna cikin yankin da ake kira Katsinar Laka, abin da ya sa har yau sarautar Gusau take Sarkin Katsina. Nan ne Katsinanci ke haɗuwa da Hausar yamma, don haka wurin yana da muhimmanci ga mai son sanin inda wata siffa ta tsaya wata ta fara. A bakin makaɗan wannan nahiya ana jin tahi da hwaɗi inda Kano ke cewa tafi da faɗi. Ana jin Tsahe a maimakon Tsafe. Ana jin munka, kunka, sunka, anka inda daidaitacciyar Hausa ke da muka, kuka, suka, aka. Ana jin yaz zo da tat tahi, inda baƙin ƙarshe ke rikiɗa ya zama irin na gabansa. Ana jin na da ta a gurbin ne da ce. Ɗalibin da ya tashi da Hausar littafi, in an ba shi waƙa ya rubuta, hannunsa yakan gyara waɗannan ba da saninsa ba. In kaset yana nan, ana iya komawa a duba. In ya ɓace, kuskuren ya zama nassi.

Manyan ayyukan da muke dogara da su a wannan fage a kan irin wannan ajiya aka gina su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 da jerin Diwanin Waƙoƙin Baka, da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, mai littafin Narambaɗa, sai da suka saurara kafin su rubuta. Ya kamata na bayansu su sami abin da za su saurara su ma.

Amma a yi hattara, kaset shaida ne mai rauni. Kowane kwafi yana ƙara shuu yana rage tsabtar murya. In batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zare yana tafiya a hankali, sai a ji waƙar ta yi sauri murya ta yi sama lokacin saurare. Wanda zai auna kiɗa ko karin sauti wajibi ne ya nemi kwafin da ya fi kusa da na asali.

7. Bayan kaset

Faifan CD ya fito a 1982, amma bai kori kaset daga kasuwannin Arewa ba sai a shekarun 2000. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba memori da masu tura waƙa a waya suka karɓe kasuwar. An sami sauƙi ƙwarai, gama waƙa ɗari tana shiga abin da bai kai farce ba. Sai dai abin da aka juye shi ne abin da ake nema, watau waƙoƙin mashahurai. Sauran suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gado. Wanda aka juye ɗin ma ya rabu da takardarsa: babu sunan gari, babu shekara, wani lokaci an datse farko ko ƙarshe, wani lokaci an jingina waƙar wani ga wani.

Zaren kaset kuwa ba ya jira. Zafin bazara yana sa shi lanƙwasa, laimar damina tana kawo masa fumfuna, ƙurar hunturu tana cin sa. Rikodar da za ta juya shi tana ƙaranci, masu gyaranta suna tsufa. Ga kuma rashin zaman lafiyar da ya addabi Zamfara tun shekarun 2010, wanda ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasashen Tsafe da Bunguɗu da Gusau. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset.

8. Abin da ya kamata a yi

Wannan aiki bai fi ƙarfin malaman kwalejojin horon malamai ba, irin ta Maru da ta Gusau, balle sassan Hausa na jami'o'i. Kowane ɗalibi daga wani gari ya fito, kuma yana komawa hutu. A umurce shi ya nemi aron kasa-kasai daga tsofaffin masu saida su, da direbobi, da iyalan makaɗa, da fadawa. Kafin a taɓa kaset a ɓalle 'yan haƙoran da ke bayansa don kada a shafe shi bisa kuskure. A rubuta duk abin da ke jikinsa yadda yake, a tambayi mai shi wa ya ɗauka, a ina, a wace shekara, a wane buki. A juye gefe biyu ɗungum cikin kwamfuta, ba tare da datse gaisuwa ko surutun taro ba, domin sau da yawa a nan ne shekara da sunan wuri suke ɓoye. A mayar wa mai shi kayansa tare da sabon kwafi, a kuma nemi yardar iyalan makaɗi kafin a yaɗa. Daga nan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kamar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

A fara da kasa-kasan da babu hoto a jikinsu, waɗanda aka rubuta wa suna da biro ko da ajami. Na Shata da Ɗanƙwairo da kamfani ya buga suna da kwafi dubbai. Wanda wani manomi ya ɗauka ran gayya a Wonaka kuwa, mai yiwuwa shi kaɗai ne a duniya, kuma dattijon da zai iya faɗin sunan makaɗin yana nan da ransa a yau. Allah ya ba mu ikon cim masa.