Matakan kariya ga masu gyaran mota a gida

Masu motoci da dama kan yi ƙananan gyare-gyare da kansu, kamar canjin taya, juyen baƙin mai ko sauya batir, domin rage kuɗin da suke kai wa makanikai.

To sai dai ƙaramar mota ma takan wuce tan ɗaya a nauyi, kuma tana ɗauke da fetur da ruwan batir da ruwan zafi. Sakaci kaɗan ka iya jawo ƙuna, ko makanta, ko ma rasa rai.

Ɗaga mota

An ƙera jak ne domin ɗaga mota, ba domin ya riƙe ta mutum yana kwance a ƙarƙashinta ba. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota sai ya ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi musamman don haka, a kan daɓe mai ƙwari wanda ba shi da gangare.

Bulo kan dagargaje ba zato, jak kuma kan nutse cikin yashi. Kafin a ɗaga motar, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin da ke ƙasa da katako.

Sutura

Tabarau na kariya shi ne kan gaba, saboda tsatsa da ruwan batir. Sai safar hannu da rufaffen takalmi maimakon silifa.

Babbar riga da rawani suna iya sarƙewa a fanka ko bel ɗin inji. A wasu motoci fankar takan tashi da kanta ko da an kashe inji. Zobe da agogon ƙarfe kuwa kan haɗa wuta idan suka taɓa kan batir.

Batir da lagireto

Batirin mota mai ƙarfin bolt 12 yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ke sa ta fashe. Don haka ake fara cire wayar da ke da alamar ragi (-), kuma ita ake mayarwa a ƙarshe.

Idan ruwan batir ya shiga ido, a wanke shi da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti.

Ruwan lagireto kan wuce digiri 100 a ma'aunin Selsiyos. Buɗe murfinsa kafin inji ya huce na iya sa ruwan ya feso wa mutum a fuska.

Hayaƙi da guba

Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa a rufaffen gareji.

Zuƙo fetur da baki na iya kai shi cikin huhu. Yawan taɓa tsohon baƙin mai kuma na da alaƙa da kansar fata. Ƙurar birkin wasu motoci na ɗauke da asbestos, wanda Tarayyar Turai ta haramta a 2005, saboda haka ba a hure ta, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.

Gobara

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana buƙatar kowace mota ta kasance da tukunyar kashe gobara. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Motocin da ke haɗa fetur da lantarki suna da wayoyi masu launin ruwan goro, ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Wannan aiki na ƙwararru ne kawai.