Masaukin Majinyaci a Ƙasar Gobir, Jiya da Yau

Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya daga Sabon Birni ko Isa zuwa Sakkwato ya san tambayar da ke biyo bayan ta kuɗin mota: a ina za mu sauka? Likita zai duba, ya rubuta magani, ya ce a dawo bayan mako biyu. Inda majinyaci da mai jinyarsa za su kwana a tsakani, da abin da za su ci, ba ya cikin takardar. Wannan tambaya tsohuwa ce a ƙasar Gobir, kuma kowane zamani da irin amsar da ya ba ta.

Garuruwan nan biyu, yaƙi ne ya haife su. A 1808 birnin Alƙalawa, hedkwatar Gobir, ya faɗa hannun masu jihadi, Sarki Yunfa ya rasu a cikinsa, jama'a suka watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɓangarensu ƙarƙashin Ɗan Halima ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa ta zama ɗaya daga garuruwan ribaɗi masu tsaron Daular Usmaniyya ta wannan gefe. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka zauna Nijeriya. An raba ƙasa, amma ba a raba dangi ba. Mutanen da kakanninsu suka ɗanɗani rasa gida sun san darajar wanda ya buɗe musu ƙofa.

A wancan zamani, magani da masauki tare suke tafiya. Wanda ya karye, gidan maɗori ake kai shi, ya zauna nan har ƙashi ya kama, danginsa suna kawo hatsi. Mace mai ciki na fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a hannun ungozoma, ta yi wankan jego har arba'in a ƙarƙashin idon uwarta. Baƙon da ciwo ya kayar a hanya, mai unguwa ke nema masa zaure, fatake kuwa suna da fatomansu a kowane zango. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu, waɗanda ke karɓar baƙon da ya zo da irin lalurarsu, su nuna masa wurin kwana, su shigar da shi cikin rabon sadaka da zakka. Malamai ma ba su bar fagen ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibi. Marar dangi yakan wahala, kuma wanda aka ji tsoron cutarsa yakan ƙare a bayan gari. Sai dai akwai abu guda da ya tsaya a kansa: ba a tura mara lafiya wurin mai magani sai an san hannun wanda zai faɗa.

Zuwan Turawa ya kawo sabon salo. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka damƙa wa mishan ta SIM kula da zangunan kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. Can ƙetaren iyaka, mishan ɗin ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan ta kafa wurin jinyar kuturta a Danja, kudu da Maraɗi. A irin waɗannan wurare aka fara haɗa wa majinyaci ɗaki da gona da magani wuri guda, a hukumance. Amfanin a fili yake, domin jinyar kuturta a lokacin ta shekaru ce, kuma mai nisan gida ba zai iya zirga-zirgarta ba. Amma kuɗin da aka biya ya yi tsada. Mutum yakan bar garinsu da matarsa da gonarsa, wani har ya warke ba ya komawa, saboda sunan wurin ya riga ya manne masa. Iyaye Musulmi da yawa kuma sun yi ɗari-ɗari, don gudun abin da za a koya wa 'ya'yansu a hannun mishan.

Abin da ya rushe wannan tsari shi ne ingancin magani. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan kuturta da ke warkarwa cikin ƙayyadadden lokaci, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Mai cutar ya daina bukatar barin gida. Tunanin duniya ma ya riga ya juya tun taron Alma-Ata na 1978, inda aka yi matsaya cewa a kai kiwon lafiya kusa da jama'a. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage kan ƙananan asibitocin matakin farko. Maƙwabtanmu na Maraɗi suka ƙara wani darasi a yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara masu tamowa ba tare da kwantar da mafi yawansu ba: uwa ta karɓi abincin gyaɗa na musamman, ta ciyar da ɗanta a ɗakinta, ta dawo awo mako-mako. Manyan lalurori kaɗai aka bar wa birni: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, asibitin mata da yara na Maryam Abacha mai aikin yoyon fitsari, da asibitin cutar noma mai cin fuskar yara, wanda aka buɗe a 1999.

Dukkan wannan ci gaba a kan zato guda aka gina shi, wato majinyaci yana da gidan da zai koma. Zaton nan ne 'yan bindiga suka rusa. Tun daga 2019 ƙauyukan gabashin Sakkwato suka fara watsewa. A watan Mayun 2020 an kashe mutane da dama a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Sabon Birni. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, sai ya zama ko kiran ɗan'uwa a birni a ce ga mara lafiya nan tafe ya gagara. A Disambar wannan shekara aka ƙone motar matafiya a kusa da Gidan Bawa. Ma'aikatan lafiya da yawa suka bar ƙauyuka, ƙananan asibitoci suka zama kufai.

Jama'a suka bi tsofaffin hanyoyin kakanninsu. Dubbai suka tsallaka yankin Gidan Rumji, inda dangi suka fara sauke su kafin kowace hukuma ta iso. Daga baya Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka mayar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka haɗa matsuguni da ruwa da makaranta da ɗakin shan magani, baƙi da 'yan gari suna amfana tare. A ɓangarenmu kuwa, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa suke, ko makarantu, ko gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Illar hakan ga lafiya ba ɓoyayya ba ce. Maganin tarin fuka na wata shida ne, kuma wanda ya yanke shi a tsakiya yana iya wayar gari da tarin da ba ya jin magani. Yaron da aka daina kai wa awo yakan koma tamowa. Mai hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya, idan maganinsa ya ƙare a hanya, ciwon ba ya jiran a sami zaman lafiya.

Darasin da iyali za su ɗauka daga wannan tarihi mai sauƙi ne, ko da aiki da shi ba sauƙi. Katin asibiti da kwalin magani su kasance cikin abin da za a fara ɗauka idan tashi ya kama. Duk inda aka sauka, a kai katin asibiti mafi kusa tun a makon farko, domin maganin tarin fuka da na kuturta da rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ana ci gaba daga inda aka tsaya. Idan an tura ku Sakkwato, ku nemi takardar turawa a rubuce, ku san gidan da za ku sauka kafin ku hau mota. A babban asibiti ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya. Marar hali ya bi ta hannun mai unguwa ko hakimi ko limami zuwa ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda taimakon majinyata na cikin aikinta, ko hukumar agajin gaggawa ta SEMA.

Ga masu gida kuma, wanda ya ba mai jinya ɗaki na wata guda ya yi rabin aikin likita, ko bai san sunan magani ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya mayar da kowa ɗakinsa cikin aminci.