Ƙofar da manya ba su shiga

Jama'a, a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gidan baje kolin zanen zamani na New York, wato MoMA, ya shirya ma yara bikin zane nasu na kansu. Wani malamin zane, Victor D'Amico, ya kawo shawarar. Ƴan shekara 4 zuwa 12 kaɗai ke shiga, iyaye sai dai su jira waje. Ga fenti, ga takarda, kuma ba mai ce ma yaro ba haka ake zana doki ba. A gidan da ake rataye aikin Picasso fa! Bikin har Indiya ya kai a 1963. Mu kuwa nan, yaro ya zana raƙumi da gawayi jikin katanga, tsawa muke fara daka mashi.