Zamanin Kacici-kacici a Talabijin: Abin da Ake Kewa da Abin da Aka Manta

Lokacin da Alex Trebek ya rasu ranar 8 ga Nuwamba 2020, bayan shekara 36 yana gabatar da shirin Jeopardy! a Amurka, alhinin da aka yi ya wuce na rashin mutum ɗaya. Miliyoyin jama'a sun tashi suna ganinsa kowace yamma yana karanto tambayoyin tarihi da kimiyya da labarin ƙasa, iyali na zaune gaban akwati ɗaya kowa na rige-rigen faɗar amsa. Irin wannan kewa ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 2000 yana iya tuna yadda falo ke yin tsit idan Frank Edoho ya ƙura wa mai fafatawa ido, ya ja lokaci kafin ya faɗa masa ko ya ci ko ya faɗi.

Masu wannan kewa sukan ce a da talabijin na girmama ilimi, yau kuwa sai hayaniya. Akwai gaskiya a maganar. Sai dai tarihin waɗannan shirye-shirye ya fara ne da ɗaya daga cikin manyan yaudarorin da aka taɓa yi wa masu kallo, kuma amanar da aka zo ana ba su daga baya, wannan abin kunyar ne ya haife ta.

Daga dala 64 zuwa dala 64,000

Gasar tambayoyi ta girmi talabijin. A 1940 gidan rediyon CBS ya fara wani shiri mai suna Take It or Leave It, wanda kyautarsa ke ninkuwa da kowace amsa har ta kai dala 64. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa shirye-shiryen da ke raba kyauta ba caca ba ne, kuma hakan ya buɗe ƙofar zuba manyan kuɗi. Ranar 7 ga Yuni 1955 CBS ta ƙaddamar da The $64,000 Question a talabijin, kamfanin kayan kwalliya na Revlon na ɗaukar nauyi. Kyautar rediyo aka ninka sau dubu.

Masu shirin sun gane cewa labarin mutum ya fi tambaya jan hankali. Sai suka riƙa zaƙulo waɗanda iliminsu ya saɓa da sana'arsu: baduku mai gyaran takalma da ya haddace tarihin waƙoƙin opera, hafsan sojan ruwa masanin girke-girke, da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Joyce Brothers, wadda ta lashe babbar kyautar a fannin dambe. Ana saka mai fafatawa cikin wani ɗan ɗakin gilashi da ba ya jin komai daga waje, ana kuma nuna wa jama'a cewa tambayoyin daga ma'ajiyar banki aka ɗauko su. Duk wannan an tsara shi ne don mai kallo ya sakankance babu maguɗi. Cikin 'yan watanni shirin ya zarce kowane shiri yawan masu kallo a ƙasar.

A lokacin, kamfani guda ne ke sayen lokacin shiri gaba ɗaya, don haka shi ke da ta cewa. Idan masu kallo sun ƙaru, ciniki ya ƙaru. Mai fafatawa da jama'a ke so ya zama jari, wanda ba sa so kuwa asara ne.

Malamin jami'a da tsohon soja

A Satumba 1956 tashar NBC ta fito da nata shirin, Twenty-One, wanda Jack Barry ke gabatarwa, Dan Enright ke shiryawa. Mutum biyu ke karawa, kowa a ɗakin gilashinsa, wanda ya fara tara maki 21 shi ya ci. An gudanar da fitowar farko tsakani da Allah, sai masu fafatawar suka yi ta kuskuren amsa, shirin ya yi lami. Kamfanin da ke ɗaukar nauyi, mai sayar da maganin ƙarin jini na Geritol, ya nuna ɓacin ransa. Daga nan masu shirin suka daina barin komai ga sa'a.

Gwarzonsu na farko shi ne Herbert Stempel, tsohon soja ɗan birnin New York mai kaifin hadda, wanda ke karatu a kwalejin birnin. An riƙa ba shi tambayoyi da amsoshi tun kafin a shiga. An zaɓa masa kwat ɗin da ba ta yi masa daidai ba, an faɗa masa irin askin da zai yi, an koya masa inda zai yi jinkiri da lokacin da zai goge goshi. Har na'urar sanyaya ɗakin akan kashe don gumi ya tsattsafo masa a gaban kyamara.

Da masu shirin suka ga jama'a sun fara gajiya da shi, sai suka samo Charles Van Doren, matashin malamin adabin Ingilishi a Jami'ar Columbia, ɗan gidan masana, wanda mahaifinsa Mark Van Doren mawaƙi ne da ya ci lambar Pulitzer. Ranar 5 ga Disamba 1956 Stempel ya faɗi kamar yadda aka umarce shi. Cikin tambayoyin da ya kuskure da gangan akwai sunan fim ɗin da ya ci lambar Oscar ta 1955. Amsar ita ce Marty, fim ɗin da yake matuƙar so, amma ya ambaci wani daban.

Van Doren ya tafi da dala 129,000. Mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a Fabrairu 1957, NBC ta ba shi aiki mai albashin dala 50,000 a shekara. Iyaye da malamai sun riƙa nuna wa yara shi a matsayin shaidar cewa karatu na biya. Wannan ya faru ne a tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka ke fargabar Tarayyar Sobiyet ta tsere mata a ilimi, don haka ƙasar na buƙatar irin wannan gwarzo.

Ranar mai kaya

Stempel ya kai kukansa ga 'yan jarida, amma aka ɗauke shi mai hassada da ba shi da hujja. Asirin ya tonu ne daga wani shirin daban mai suna Dotto. A 1958 wani mai jiran a kira shi ya tsinci littafin rubutun wata mai fafatawa, ɗauke da amsoshin da take bayarwa a gaban kyamara. A watan Agusta aka soke shirin, ofishin mai gabatar da ƙara na New York ya fara bincike. Wani tsohon ɗan takarar Twenty-One, James Snodgrass, ya yi wata dabara: duk lokacin da aka ba shi amsoshi, sai ya rubuta su ya aika wa kansa ta wasiƙar rajista kafin ranar shirin. Hatimin gidan waya ya zama shaidar da ba ta musantuwa.

Duk da haka mutane da yawa sun yi rantsuwa sun musanta, har da Van Doren. Sai da wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Oren Harris ya karɓi binciken. Ranar 2 ga Nuwamba 1959 Van Doren ya zauna gaban kwamitin ya amsa cewa an ba shi amsoshi, kuma ya yi ƙarya don ɓoye hakan. Ya rasa aikinsa a Columbia da NBC. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin mamaki, a lokacin babu dokar da ta hana maguɗi a gasar talabijin. Waɗanda aka gurfanar, laifin shaidar zur aka tuhume su da shi, kuma babu wanda ya shiga kurkuku. A 1960 majalisa ta gyara dokar sadarwa, ta mai da irin wannan maguɗi laifi a dokar tarayya. Tashoshin sun ƙwace ragamar shirye-shirye daga hannun kamfani guda, suka koma sayar da gajerun tallace-tallace ga kamfanoni da yawa, tsarin da ake bi har yau. An rage kyaututtuka ƙwarai, an kuma kafa jami'ai masu sa ido kan yadda ake adana tambayoyi.

Yadda aka sake gina amana

Zamanin da yawancin mutane ke kewa ya zo ne bayan wannan guguwa. Jeopardy! ya fara ranar 30 ga Maris 1964. Merv Griffin, wanda ya ƙirƙiro shi, ya ce matarsa Julann ce ta ba da shawarar: tunda laifin da aka yi shi ne ba mutane amsa a ɓoye, to a ba su amsar a fili, su kuma su nemo tambayar. Daga nan tsarin shirin ya samo asali. Trebek ya karɓi gabatarwa a 1984.

A Birtaniya an ɗauki wata hanya, inda daraja ta maye gurbin kuɗi. University Challenge ya fara a 1962, yana haɗa ɗaliban jami'o'i. Mastermind na BBC ya biyo baya a 1972, da baƙar kujera da fitila mai haske ido. Wanda ya tsara shi, Bill Wright, ya ɗauko salon ne daga tambayoyin da Jamusawa suka yi masa yana fursuna a Yaƙin Duniya na Biyu. Zakaran shirin kwanon gilashi kawai yake samu.

Manyan kuɗi sun dawo a Satumba 1998, lokacin da tashar ITV ta fara Who Wants to Be a Millionaire? tare da Chris Tarrant. Amsoshi huɗu ake jerawa, mai fafatawa na da damar kiran aboki, ko tambayar 'yan kallo, ko a cire masa amsoshi biyu. Wannan ya sa kowane mai kallo ya ji shi ma zai iya. Da aka samu maguɗi a 2001, daga ɓangaren mai fafatawa ya fito: kotu ta samu Manjo Charles Ingram da matarsa da wani mutum da suka haɗa baki da shi da laifi a 2003, bisa amfani da tari wajen nuna amsar daidai. A wannan karon masu shirin ne da kansu suka hana kuɗin suka kira 'yan sanda.

Shirin ya bazu a duniya. A Indiya, Amitabh Bachchan ya fara gabatar da Kaun Banega Crorepati a 2000, abin da ya farfaɗo da sunansa bayan shekarun karayar arziki. A Najeriya an fara shi a 2004 tare da Frank Edoho, MTN na ɗaukar nauyi, kuma a 2009 aka samu wanda ya lashe naira miliyan 10. An dakatar da shi a 2017, ya dawo a 2022. A Gana, gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare da aka fara a 1993 tana nan da ranta, tsofaffin ɗalibai na binta kamar yadda ake bin gasar ƙwallo.

Me ake kewa?

Shirye-shiryen ba su mutu ba, yanayin da aka kalle su a ciki ne ya gushe. A da tashoshi kaɗan ne, shiri na da rana da sa'a, wanda ya makara ya rasa. Uba da 'ya'ya da maƙwabtan da suka shigo kallo duk tambaya ɗaya suke ji a lokaci ɗaya, kuma yaron da ya riga babbansa faɗar amsa ya samu abin tinƙaho na mako guda. Yau kowa da wayarsa a hannu, kowa da abin da yake kallo.

Darajar hadda ma ta sauya. A 2004 Ken Jennings ya ci wasa 74 a jere a Jeopardy!, a 2011 kuma kwamfutar IBM mai suna Watson ta doke shi da Brad Rutter a shirin. Abin da a da sai an shekara ana karatu kafin a riƙe shi a ka, yanzu ana samunsa cikin daƙiƙa. Ganin mutum ya tono amsa daga ƙwaƙwalwarsa, babu littafi babu waya, ya zama abin da ake marmari.

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma wanda zai tuna bara, ya kamata ya tuna ta gaba ɗayanta. Masu kallon 1956 ma sun yi imani suna ganin ilimi ana girmama shi, alhali wasan kwaikwayo aka shirya musu don a sayar da maganin ƙarin jini. Abin da ya bambanta Trebek da Barry shi ne doka, da sa ido, da raba mai talla da mai tambaya. Wannan darasi yana da amfani a yau, da gasa iri-iri suka cika wayoyi da shafukan sada zumunta, ana alkawarin kyauta ba tare da an san wanda ke tantance zakara ba.

Van Doren ya yi shekaru yana aiki a matsayin edita a kamfanin Encyclopaedia Britannica, yana guje wa 'yan jarida shekaru da dama. Ya rasu a 2019. Stempel, wanda aka fi tunawa da amsar da ya sani amma aka hana shi faɗa, ya bi bayansa a 2020.