Jakin Niafunke

Ranar da na fara jin sunan Ali Farka Ture a nan Harobanda, dariya na yi. Kun dai san "farka" da Hausa. Wani abokina Bazabarme ya gyara mini: da harshensu jaki ne. An haife shi a Mali a 1939, ɗa namiji na goma ga mahaifiyarsa, shi kaɗai ya rayu. Taurin kansa ya jawo masa laƙabin, ni kuwa Ajuji namu ya tuna mini.

Da gurmi da goge ya fara. A 1956 ya ga Keita Fodeba, mutumin Gine, yana kaɗa gitar, shi ke nan. Da ya ji John Lee Hooker na Amurka, ɗauka ya yi kiɗan gida ne. Turawa suka ce makaɗin bulus ne, bai so sunan ba, kuma ina bayansa. Ku saurari Talking Timbuktu na 1994, wanda ya ci Grammy: Sonrai ne, Fulatanci, Buzanci, Bambaranci. Zabarmawan ajinmu suna tsintar kalmominsu a ciki!

A 2004 ya zama magajin garin Niafunke, ya gyara hanyoyi da kuɗin aljihunsa. Ya rasu a Bamako, Maris 2006.