Kapon mota: na ƙarfe ko na faiba?

Kapo, wanda mutanen Kamba ke ce ma bonet, shi ne murfin injin mota. In ya lalace, iri biyu ake samu: na ƙarfe da na faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam.

Na faiba ba nauyi, ba ya tsatsa ko da damina. Amma fa ba ya lotsewa, tsagewa yake. In mota ta bugi akuya tsakanin Tounouga da Gaya, mai walda ba abin da zai iya yi masa, sai an nemo mai liƙi da gam. Jijjigar hanya kuma kan ɓalle wurin makullinsa. Allah ya kiyaye, in ya buɗe ana cikin gudu, gilashi zai rufe ma direba.

Na ƙarfe kuwa, ko ya lotse, mai gyaran jikin mota zai buga shi da guduma ya miƙe. Shi muke ba masu jigilar fasinja shawarar saye.

Ƴan uwa masu aikowa daga Kwatano ko Legas, ku tambayi shekarar motar tukuna. Kapon Corolla ta 1998 ba ya hawa ta 2005.